Ɓarawon da Ya Naɗe Bakin Waya

Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna na safe Rediyo ya kurma ihu daga saman rufin tasharmu. Rediyo abokin aikina ne, kuma ba a banza muka laƙaba masa sunan ba, don ko ƙuda ya faɗa masa a shayi sai unguwa ta ji. Shi ya sa da farko ko kai ban ɗaga ba.

"An sace maƙogwaro! Wallahi an sace maƙogwaro!"

Ban san lokacin da na yar da sifanar hannuna na haye tsani ba.

Tasharmu sabuwa ce fil. Ƙaton faifai ne a saman rufi yana kallon tauraron ɗan'adam, daga shi sabis zai sauko ya bi ƙarafa goma sha ɗaya da muka kakkafa a bayan duwatsu, inda ƙauyuka arba'in ba su taɓa jin waya ta yi ƙara a cikin ɗaki ba. Wata takwas muna wannan aiki, kuma gobe-goben nan za a kunna. A bakin faifan akwai wata na'ura mai girman bulo, ita ke harba murya sama, mu muke ce mata maƙogwaro. Guda ɗaya tak aka aiko mana daga ƙetare, bayan jiran wata uku. Yanzu inda take zaune babu komai sai ramukan noti huɗu, ga wayarta tana lilo a gefe, bakinta a naɗe da baƙin salatif.

Kafin in sauko, bakin ƙofa ya cika. Mutanen nan mako guda ke nan suna zuwa leƙenmu, kowa da sabuwar wayarsa, wasu ko ledar jikinta ba su ɓare ba. Da labari ya isa gare su sai wuri ya kaure. Wannan ya ce mai sayen ƙarafa ne, wancan ya ce Mai Babur ne. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Ku bar wahalar da kanku, ina maigadi yake lokacin da aka shiga?"

Maigadin nan mahaifina ne.

Shekara goma sha ɗaya Baba yana gadi a kamfanin, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Manaja ya tsayar da shi a tsakar fili, jijiyoyin wuyansa duk a tashe.

"Wa ya shigo jiya bayan an tashi aiki?"

Baba ya zuba wa takalminsa ido.

"Da kai nake magana, Malam!"

Na matsa kusa na ce, "Baba, ka yi magana mana." Ya dube ni sau ɗaya ya sake sunkuyar da kai. Baba kuwa ba mutum ne mai rasa amsa ba.

Injiniya ya sa baki, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yallaɓai, a bi a hankali." Injiniya shi ne ubangidanmu a aiki, shi ya koya wa ni da Rediyo da Dogo duk abin da muka sani. Na ji daɗin maganarsa har cikin raina.

Manaja ya ce, "Hankali? Gobe manya za su zo! Hedikwata ta turo mai bin sawu. Na ba da lokaci zuwa ƙarfe huɗu. In huɗu ta yi babu na'ura, 'yan sanda za su tafi da shi, can ya yi musu shirun."

*

Na zaci wani ƙato zan gani da kare. Sai ga wata mata gajera kakkaura ta sauko daga tasi, ta kai hamsin, da tsohuwar lema a hannu duk da rana ta fito tarwai. Mai Lema ake ce mata. Duk wanda ke harkar sadarwa ya san labarinta: ita ta gano batura sittin da aka binne a gonar wani, ita ta bi faifan sola har ɗakin amarya inda aka mai da shi teburin kwalliya.

"Wa ya fi kowa son a gano ɓarawon nan?" Abin da ta fara tambaya ke nan.

Na ce, "Ni."

"To riƙe min jaka, 'yar nan."

Ta zaga fili tana tsokanar ƙasa da tsinin lema. Ruwan da aka tafka jiya daga bayan magariba ya wanke komai tas, ko sawun kyanwa babu. Ta duba katanga, ta duba kwado, babu inda aka fasa. Sai ta rataya lema a wuyan riga ta kama tsani, tana hawa tana nishi tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene. A sama ta leƙa ramukan noti, ta kama wayar nan mai lilo ta jujjuya ta, ta saki. Ta ce, "Hmm." Na jira sauran maganar, ba ta zo ba.

"Me kika gani, Hajiya?"

"Na ga rana tana yi. Mu je wajen wanda jama'a suka fi zagi."

*

Mai Babur sana'arsa ɗaya ce. Akwai wani dutse mai nisan kilomita tara inda sabis ɗin wani gari ke ɗan leƙowa, shi ke kai mutane can su ɗaga waya sama su yi magana su dawo. Duk ranar da muka kunna tasha, ranar sana'arsa za ta mutu. Ni kam tun a hanya na gama yanke masa hukunci.

A tsohuwar motar kamfani muka tafi, ni ke tuƙi, kuma na yi gudun da har Mai Lema ta dafe ɗankwali tana cewa, "Ke, ɓarawo muke nema, ba lahira ba!" Muka same shi a gindin dutse yana raba wa mutane alewa, baki har kunne.

"Jiya da yamma kana ina?" in ji Mai Lema.

"Asibiti, Hajiya! Tun la'asar har gari ya waye. Namiji ne, kilo uku da rabi!" Ya cusa mata alewa a hannu. "Ku tambayi ungozoma, sau biyu tana kora ta daga bakin ƙofa."

Na ce, "Amma ai tasharmu za ta kashe maka kasuwa."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ƙanwata, jiya da naƙuda ta tashi, a kan babur na ɗauko matata, kilomita ashirin, tana cizon bayana. Da akwai sabis da mota na kira. Ta kashe kasuwar! Kaji zan koma kaiwa gari." Ya zaro wata sabuwar waya a kwali. "Ga tata ma na saya. Gobe dai za ku kunna ko?"

Kunya ta rufe ni. Na karɓi alewa na yi masa barka.

*

Sha biyu ta gota lokacin da muka isa rumfar mai sayen ƙarafa. Ya ga motar kamfani ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Mai Lema ta bar shi ya rantse har ya gaji, ta birkice buhunansa da lema, ba ta ga komai ba sai tsofaffin murafun tukwane da kan fanka. Daga nan ta zauna a kan wata taya ta kwatanta masa abin da ya ɓata.

"In an kawo maka, nawa za ka saya?"

"Akwatin? Me zan yi da shi, Hajiya? Mai sayensa sai mai tauraro, ni kuwa ban san ko ɗaya ba." Ya ɗan matso. "Amma wayar da ke jikinsa fa? Mai kaurin nan?"

"Tana nan, ba a taɓa ta ba."

Ya riƙe baki. "Mita nawa?"

Na ce, "Talatin."

"Jan ƙarfe mita talatin, mutum ya hau har sama ya bar shi? Kai! Wannan ba ɓarawo ba ne, ɓata wa sana'a suna kawai ya yi. Yaran da na sani, da adda za su datse ta su naɗo, ko minti biyu ba za su yi ba."

Mai Lema ta miƙe zumbur kamar ba ita ce mai nishi a tsani ba. Idanunta har wani ƙyalli suke. "Abin da nake son ji daga bakin masu abin ke nan. Tashi mota, 'yar nan. Yanzu kam ki yi gudun."

*

Ƙarfe biyu da rabi muna saman rufi, ni da ita da Rediyo. Ta kama bakin wayar ta ɗaga.

"Kai ka fara hawa da safe. Kai ka naɗe wannan?"

"Ni? Hajiya, ihu kawai na yi. A haka na same ta."

Ta juyo gare ni. "Ke fa, da kika gan ta a naɗe, me kika ce a ranki?"

Gaskiya ban ce komai ba a raina. Waya ce a naɗe, yadda kowace waya ke zama a tasharmu. Idona ya saba har ya daina gani.

Ta sa farce ta kama ɗan kunnen da aka lanƙwasa a ƙarshen salatif ɗin, ta ɗan ɓare kaɗan, ta zura ɗan yatsa. "A bushe ƙayau. An naɗe kafin ruwa ya sauko. Mutum ya zo sata, hadari ya haɗo, ya kwance noti huɗu bai ji wa ko ɗaya ciwo ba, sannan ya tsaya ya rufe bakin waya don kada ruwa ya shiga. Ya ma bar kunne don mai ɓarewa ya ji daɗi. Wa ke naɗi haka?"

Rediyo ya ce, "Mu duka. Daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau rabin na baya, don ruwa ya zame ta kai. Sau uku, sannan kunne. Injiniya ko a mafarki ka fara daga sama sai ya sa ka kwance. Ni sau goma sha bakwai ya sa na sake a rana ɗaya, har na yi kuka, Dogo yana..."

"Ya isa. Ku nawa ne?"

"Huɗu, har da shi."

Murna ta kama ni, sai kuma ta koma tsoro. Mu huɗu, kuma ɗaya daga cikinmu 'yar maigadi ce. Duk wanda ya ji wannan zai ce uba ya buɗe ƙofa, 'ya ta hau tsani.

Mai Lema ta sauka ta sami Baba a kan bencinsa. Ta gaishe shi da ladabi, ta zauna kusa da shi. "Malam, na san na gida ne. Ba za ka taimake ni da suna ba?"

Baba ya ce, "Allah ya ba ki sa'a, Hajiya."

*

Huɗu saura kwata ta tara mu a ɗakin injuna: Manaja, Injiniya, Dogo, Rediyo, ni, da Baba a bakin ƙofa. Ta taga ana hango motar 'yan sanda, ta riga ta iso, jama'a sun kewaye ta. Dogo sai zufa yake, don kowa ya san shekaranjiya ya yi cacar baki da Manaja a kan hutu.

Mai Lema ta ajiye guntayen waya huɗu da salatif huɗu a kan tebur. Ta ajiye bakin wayar rufi, wanda ta sa na kwanto mata, a tsakiya.

"Ɓarawonku ya bar sawu, ga shi nan. Kowa ya naɗe min tasa. Zan gwada da wannan."

Manaja ya ce, "Wasan yara za mu yi, Hajiya? Saura minti goma sha biyu."

"To ka bar cinye min su."

Na ɗauki tawa. Na san abin da zai fito: naɗina da na rufin ba za a bambance su ba. Wata zuciya ta ce min, fara daga sama, ki yi shi a hargitse, wa zai sani? Na ɗora salatif a sama. Sai na ji ba zan iya ba, abin ya yi min kamar in sa takalmi a hannu. Na ce a raina, ban ɗauki komai ba, duk abin da zai faru ya faru. Na koma ƙasa na fara, zagaye na hawa rabin zagaye, sau uku, na lanƙwasa kunne na dire a tebur.

Ɗakin tsit, sai ƙarar salatif. Dogo ya dire tasa. Rediyo ya dire tasa, bakinsa na motsi ba sauti. Injiniya ne ƙarshe.

Mai Lema ta jera su kusa da ta rufin. Tawa, sak. Ta Dogo, sak. Ta Rediyo, sak. Manaja ya buga tebur. "Uku! Dama na faɗa, haɗin baki ne, ga 'yarsa a ciki!"

Amma Rediyo ba Manaja yake kallo ba. Ya ƙura wa waya ta huɗu ido, kuma a karon farko tun da na san shi, a hankali ya yi magana.

"Injiniya... daga sama ka fara."

Muka duba. Daga sama zuwa ƙasa, zagaye biyu a karkace, babu kunne. Irin naɗin da in ɗayanmu ya yi, sai ya wuni yana kwancewa.

Mai Lema ta ce, "Dama na san ukun nan za su yi daidai, hannu ɗaya ya koya musu. Ba wanda zai yi daidai nake nema ba. Yaran nan tsoro kamar ya kashe su, amma kowa ya yi abin da hannunsa ya sani, don ba shi da abin ɓoyewa. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan ya guji hannunsa." Ta tura masa wayar da tsinin lema. "Shekara nawa kana koyar da naɗin nan, Injiniya?"

Injiniya ya zauna a kan akwatin batir.

"Ashirin da shida," ya ce. "Tana cikin sito, a kwalinta, ƙarƙashin kwalayen da babu komai. Ta ƙone. Jiya bayan kun tafi na dawo in yi gwajin ƙarshe ni kaɗai, na haɗa wutar a juye. Idona ba ya rarrabe ƙananan rubutun nan yanzu, na ƙi faɗa wa kowa. Na ji ƙauri, na san ta tafi." Ya share fuska. "Na ce in aka ce sata ce, za a aiko wata, magana ta mutu. Ban kawo za a kama kowa ba."

"Da ka ga an kama fa?" Ni ce na faɗa, kuma da ƙarfi na faɗa. "Tun bakwai na safe kana tsaye kana kallonsa!"

Dogo ya ruga sito, sai ga shi da kwali a ka yana ihu, Rediyo ya samu muryarsa ya fita yana shelanta wa duniya. Waje ya ɗauki sowa. Manaja ya manne waya a kunne, wadda ke aiki da layin ofis, yana roƙon hedikwata su cire maƙogwaron wata tasha su ɗoro a mota yau-yau. Da ya ajiye ya ce jibi za a kunna, ya sallami 'yan sanda, ya je gaban Baba yana ta murza hannu yana neman kalmar ban haƙuri. Mai Lema ta karɓi jakarta a hannuna ta ce in rage gudu in ina son in kai shekarunta.

*

Da fili ya lafa na sami Baba a bencinsa. Raina a ɓace yake, ban ɓoye ba.

"Baba, ka sani."

"Ni na buɗe masa ƙofa, Uwata. Ni na riƙe masa tsani ma. Na zaci aiki yake."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Jira nake ya faɗa da bakinsa. Duk sa'ad da ya gifta sai in ce yanzu zai yi magana." Ya gyara hularsa. "Ranar da na kai ki wajen mutane biyar, kowa ya ce mace ba ta hawa ƙarfe. Shi ya miƙo miki bel ɗin ɗaure ƙugu ya ce hau mu gani. Ban iya buɗe baki in kira shi ɓarawo a gaban yaransa ba."

"Da sun tafi da kai fa?"

"Da kin ci gaba da aikinki."

Hawaye suka cika min ido, na haushi da na wani abin daban. Muna haka sai ga Injiniya ya fito daga ofis da 'yar jakarsa, shi kaɗai, ba ya kallon kowa. Da ya iso bakin ƙofa ya tsaya. Baba ya miƙe ya zare sakata, ya buɗe masa ƙofar gaba ɗaya kamar kullum.

"Sauka lafiya, Injiniya. A je a duba idon nan."

Ya mai da ƙofa ya rufe. Ya juyo zai koma benci, taku biyu ya yi ya tsaya, ya miƙo min hannu. Da na kama sai na ji yana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

"Riƙe ni, Uwata," ya ce a hankali. "Tun da motar nan ta tsaya a waje ƙafafuna ba nawa ba ne."